Sanarwar da Hafizu Bai Kai Ba

Duk wanda ya zauna a unguwar Uwani ta Inugu ya san muryar ƙanina Hafizu, ko da bai san fuskarsa ba. Shi ne a cikin farar motar nan ta ƙaramar hukuma, yana zagaya unguwanni yana cewa a fito da yara rigakafi, ko a yashe lambatu ranar tsaftar gari. Ya faɗa da Ibo, ya juya da Turancin buroka, in motar ta shigo layinmu ya sake da Hausa. Ni ne yayansa, Idrisu. Mahauci ne ni, ban iya komai ba sai wuƙa da ciniki. Amma tunda a hannuna ya tashi, ina ganin ina da ikon ba da labarinsa, har da wurin da shi ba ya iya buɗe baki a kai. Mutumin da aikinsa kai sanarwa, akwai guda ɗaya da ya kasa kaiwa, kuma ita ce ta raba Baba Manu da mutuncinsa a cikin mahautan Inugu.

Baba Manu aminin mahaifinmu ne. Tare suka sauko daga Gumel a bayan motar shanu suna samari, tare suka kafa tebur a tsohuwar kwata, wato mayankar da ke bayan rafi. Da mahaifinmu ya rasu Hafizu yana firamare, Baba Manu bai tsaya shawara da kowa ba, ya kwashe mu zuwa gidansa. A lokacin shi ne Sarkin Fawa. Ba ya da yawan magana, kuma in ya ce a yanka, yankawa ake yi, in ya ce a dakata, ko dillalin da ke can Arewa sai ya dakata.

Ni dai aka ba ni wuƙa na karɓa. Hafizu kuwa, ranar da aka fara kai shi wajen fiɗa, yana ganin an zaro tumbi ya juya baya ya amayar da kokon da ya sha. Na yi masa dariya har na gaji, kuma har gobe ina yi masa. Amma yaron yana da baki. In matan Ibo suka zo sayen nama ciniki ya cije, shi ake kira, ya tsaya tsakaninsu da Baba Manu yana juya magana, ya cire zagin ya bar farashin, har kowa ya tafi yana dariya. Baba Manu ya ce wannan ba na fawa ba ne, a bar shi ya yi boko. Shi ya ɗauki nauyinsa har ya gama karatun aikin jarida.

Takarda ta fito, aiki bai fito ba. Ya daɗe yana sayar da katin waya a ƙarƙashin laima kusa da kasuwar Kenyatta, ni ina wucewa ina kiransa Oga Edita. Ana nan sai ma'aikatan rigakafi suka rasa yadda za su yi da gidajen Hausawa, domin duk ƙofar da suka ƙwanƙwasa sai a ce maigida ba ya nan. Wani ya nuna musu Hafizu. Ya bi su gida gida, yana cire takalmi, yana gaida tsofaffi yadda ake gaisuwa, ƙofofi suka buɗe. Shugabar sashen yaɗa labarai ta wata ƙaramar hukuma, wadda kowa ke kira Madam, ta ga abin da idonta, ta ce ya riƙa zuwa ofis.

Kada ku ɗauka ya samu kujera. Shekaru ya yi yana ma'aikacin wucin gadi. Shi ne ɗaukar janareta, shi ne jera kujeru, shi ne riƙe wa ciyaman laima a wajen buɗe famfo. Sunansa ma ba su kira, sai dai Aboki. Duk lokacin da aka zo ɗaukar ma'aikata na dindindin sai a tuna cewa shi ba ɗan asalin jihar ba ne, alhali a asibitin garin aka yanke masa cibiya. Da ni ne da tuni na zagi uban wani na kama gabana. Shi kuwa ya daure, ya koyi rubuta jawabi, ya koyi ɗaukar hoto, har ya zama ciyaman ba ya hawa mumbari sai da takardar Hafizu a hannu. Daga ƙarshe Madam ta tsaya masa tsayin daka aka tabbatar da shi.

Mu ma mun ci moriyarsa. Da za a hana okada bin wasu tituna, shi ya zo masallaci ya yi wa yaranmu bayani tun kafin a fara kamu. Masu turin baro da masu ga-ruwa da suka zo ci-rani, waɗanda ba sa jin ko kalma ɗaya ta Turanci, shi suke nema in an kwashe musu kaya. Mutane suka fara cewa muna da ido a ciki.

Sai ya auri Ilham, autar Baba Manu. Nan ne fa. Da ma yana jin nauyin tsohon, yanzu ga surukuta ta hau kai. Tun daga ranar ɗaurin aure bai ƙara cin abinci a gabansa ba, bai ƙara haɗa ido da shi ba. Ko wani Manu ya gamu da shi a hanya sai ya ce mai sunan Baba. Tun daga nesa zai tuɓe takalmi, ya zo ya tsuguna, kai a ƙasa. Shi ma tsohon ya daina kiran sunansa, ya koma ce masa Malam. Mutumin da ke tsayawa gaban dubban jama'a yana zuba Turanci, in ya zo gaban Baba Manu sai ka rantse bebe ne. Duk muna yaba masa a kan haka, ni ma har da ni, muna cewa boko bai ɓata shi ba.

Maganar tayar da tsohuwar kwata ta daɗe tana yawo. Gidaje sun kewaye ta, maƙwabta suna kukan wari da ƙuda, kuma gaskiyarsu ne, jini a rafin yake ƙarewa. An sha sa rana ana ɗagawa, har muka daina sauraro. Amma sabon ciyaman da aka yi ba da wasa ya zo ba. Ya gina sabuwar kwata a bayan gari, ya ce kowa ya je ya kama rumfa, wanda ya riga zuwa ya zaɓa, kuma kafin Kirsimeti katafila za ta shiga tsohuwar. Hafizu ne ya rubuta sanarwar da hannunsa. Aka karanta a rediyo da Turanci da Ibo. Madam ta ce masa mutanenka kuma suna wuyanka.

To mu mahauta ba a yi mana magana ta lasifika. In kana da saƙo, wurin Sarkin Fawa za ka kai, shi zai tara mu ya faɗa. Wanda ya tsallake shi ya ci masa fuska, kuma ba wanda zai saurare shi. Hafizu ya san haka sarai, shi ya sa ya zo da ƙafarsa.

Ina wurin. Bayan la'asar ne, mun wanke tebura, Baba Manu yana zaune a bencinsa a gindin mangwaro. Hafizu ya zo da kayan ofis, ya tsuguna a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Suka gaisa, suka sake gaisawa, aka tambayi gajiya, aka tambayi iyali, aka tambayi kasuwa. Can Hafizu ya ce ana ɗan maganar gyare-gyare a ofis. Tsohon ya yi murmushi ya ce ai ya ji masu rediyo suna ta yi. Sai ya shiga ba da labari, abin da ba ya yi. Ya nuna inda shi da mahaifinmu suka sare ciyawa, inda suka haƙa ramin farko, ya ce mangwaron nan ma mahaifinmu ne ya jefar da ƙwallonsa ya tsiro. Ya ce shi ba ya roƙon Allah komai yanzu sai ya ƙare kwanansa a nan. Sannan ya yi tambayar.

"Malam, kai ne idonmu a ciki. Dillalai suna jirana a Maigatari. In ce su lodo shanun Kirsimeti, ko su dakata?"

Hafizu yana ta zane a ƙasa da yatsa. Na ga gumi yana bin wuyansa, na ɗauka kwat ɗin da ya sa ce.

"Su lodo, Baba. In sha Allahu ba komai."

Daga baya ya gaya mini da maganarsa a shirye ya zo, tun a mota yake bitarta. Amma da ya tsuguna ya ga ƙafafun tsohon, duk faso, ya ji abin da yake faɗa, sai harshensa ya yi nauyi. Ta yaya zai buɗe baki ya ce wa surukinsa, wanda ya ciyar da shi, ka tashi daga nan, kuma ni na rubuta takardar? Ya ce wa kansa ai za a sake ɗagawa kamar kullum. Ya ce gobe zai dawo ya gyara. Washegari ya zo har bakin kwata ya juya. Ya yi niyyar gaya mini, ya tuna halina, ya san zan tara masa jama'a. Kullum yana cewa gobe, kuma kullum gyaran yana ƙara wuya, domin yanzu ba labarin kawai zai kai ba, sai ya haɗa da cewa ya yi ƙarya.

Baba Manu ya tara mu ya ce kada wanda ya je dajin nan kama rumfa, wanda ya je ya raba kan mahauta. Hashim, wani mahauci da ke jin Ibo kamar su, ya ce shi fa yadda ya ji a rediyo wannan karon da gaske ne, kuma mahautan awaki na 'yan gari tuni suka fara zaɓar wuri. Tsohon ya ce masa ya zauna, shi daga ciki ya ji. Ba wanda ya ƙara tari. Tireloli suka iso, garke ya cika.

Ranar wata Litinin da hantsi, mun gama yanka, nama yana rataye, sai ga katafila, ga 'yan sanda, ga farar mota a bayansu. Wallahi ko da na ga katafilar ban yarda ba, sai da na ji muryar. Ƙanina ne, da Hausarsa mai kyau, yana cewa wa'adi ya cika, kowa ya kwashe kayansa. Aikinsa ne, Madam tana zaune kusa da shi. Bai fito daga motar ba.

Ba na son tuna ranar. Muna ta cusa nama a daro muna ɗora wa okada ba tare da mun san inda za a kai ba. Ma'aikatan lafiya suka kwashe abin da ya taɓa ƙasa. Shanu suka firgita da ƙarar inji suka fantsama titi, wasu suka faɗa lambatu suka karye, dole aka yanka su a nan ƙasa. Baba Manu bai tashi daga bencinsa ba sai da katafila ta zo dab da mangwaron. Ni na kama hannunsa, na ɗauki bencin a kai.

A sabuwar kwata duk rumfunan gaba sun tafi. Abin da ya rage mana can ƙarshe ne, kusa da inda ake zubar da kashin shanu, wurin da mai saye ba ya ƙarasawa. Kasuwar Kirsimeti, wadda ita muke jira duk shekara, ta wuce mu muna kallo. Sagiru, wanda muka tashi tare, ya tattara iyalinsa ya koma Fegge a Anacha. Wasu suka gangara Fatakwal suna dako a Creek Road, mutanen da jiya suke da teburin kansu. Samari suka fusata. Kowa ya san wane ne na ciki, har an fara maganar zuwa gidan Hafizu da fetur, gidan da Ilham take da tsohon ciki. Aka sa taro a harabar masallaci.

Da safiyar ranar taron Hafizu ya zo ɗakin Baba Manu. Ina ciki, kuma da ba don tsohon yana wurin ba da na kai masa hannu. Ya zube yana kuka kamar ƙaramin yaro, ya ce shi zai tashi a gaban kowa ya faɗi abin da ya yi, duk abin da za a yi masa a yi. Tsohon ya bar shi ya gama. Sannan ya ce masa bai yarda ya faɗa ba. Ya ce in mutane suka san na ciki ya yi ƙarya, ba ƙofar da za ta sake buɗe wa farar motar nan, kuma gobe in an zo kama okada ko kwashe baro, wa zai tsaya wa yaran? Ya ce shekaru nawa muka yi kafin mu samu mutum ɗaya a ofis ɗin nan. Ya kuma ce 'yarsa tana gidan.

"Ni na tsufa, Malam. Nawa mutuncin ya fi sauƙin zubarwa."

Ya juyo gare ni ya ce ni ma kada in faɗa, ko yana raye ko ba ya raye. Sai da ya sa kowannenmu ya ce ya ɗauki alkawari.

A wurin taro Baba Manu ya miƙe da sandarsa. Ya ce yaron nan ya zo har gindin mangwaro ya gaya masa gaskiya, rana da wata, shi ne ya danne don ba ya son barin wurin. Ya ce da ya ce daga ciki ya ji, ƙarya ya yi. Dattijo mai furfura, a ƙofar masallaci, yana kiran kansa maƙaryaci. Wani ya waiwayo ya tambaye ni, tunda ina wurin, na ce ni ina wankin tebur ban ji ba. A nan take aka sauke shi, aka naɗa Hashim.

Daga nan Baba Manu ya koma kamar kowa, ƙasa da kowa ma. Ya kafa ɗan tebur a bakin titi yana sayar da kayan ciki. Mutanen da a da ba sa wucewa sai sun durƙusa, suka koma ɗaga masa hannu daga nesa, wasu ko hakan ba sa yi. Matar wani da ya koma dako ta taɓa tsayawa a gaban teburin ta gaya masa maganar da ba zan maimaita ba. Ya ce ta yi haƙuri.

Hafizu kuwa sai hawa yake yi. Samarin da suka yi niyyar ƙona masa gida suka zo ba shi haƙuri, ya karɓe su a tsaye, kai a ƙasa. Da Madam ta yi ritaya shi aka ba riƙon sashen. Aikinsa ya canza, wannan kam na shaida. Yanzu in ya kawo sanarwa, komai ɗacinta, zai faɗe ta ƙarara, ya maimaita ranar, ya sa a maimaita masa. Shi ya yi ta sintiri har aka haƙa mana rijiyar burtsatse a ƙarshen sabuwar kwata, aka buɗe ƙofa ta ɓangarenmu. Amma ku dube shi da kyau. Mutum yana samun ƙarin girma yana ramewa. Na yi watanni ba na amsa gaisuwarsa, sai wata rana na hange shi a mota ya tsaya nesa da teburin Baba Manu, ya kifa kai a sitiyari, bai fito ba bai tafi ba. Tausayinsa ya kama ni, duk da haushin bai sake ni ba.

Yakan aika wa tsohon shinkafa da mai. Tsohon ya karɓa, ya sa masa albarka, ya tambayi jikansa. Hafizu ya ce mini da zaginsa yake yi da ya fi masa sauƙi. Ya sha komawa yana roƙo a sake shi daga alkawarin. Amsar ba ta canzawa, sai dai a tambaye shi ya aiki.

Baba Manu ya rasu da daminar bara, bayan 'yar gajeriyar jinya. Muka kai shi, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfa a ƙofar gida. Ana cikin zaman makoki sai ga Hashim da mahauta, har da Sagiru da ya taso daga Anacha. Bayan addu'a Hashim ya gyara murya ya ce shi da jama'arsa sun zo su sauke wa mamaci nauyi. Abin da ya faru ya faru, sun yafe masa duniya da lahira. Kowa ya ce ya yafe. Na ji daɗi, har na fara share ido. Sai Hashim ya juya ya kama hannun Hafizu.

"Saura kai. Kai ya fi zalunta. Ka kawo masa gaskiya ya danne, ya kusa sa a ƙona ka da iyalinka. Ka yafe masa a gaban jama'a, ya kwanta lafiya."

Hafizu ya dube ni. Ni na dubi tabarma. Liman ya riga ya ɗaga hannuwa yana jira, ana jin kukan mata daga cikin gida. Hafizu ya sunkuyar da kai. Can ya ce wani abu ƙasa ƙasa. Liman ya ce ba a ji ba, ya ɗaga murya saboda shaidu.

"Na yafe masa."

Aka shafa. Mutane suka riƙa tasowa ɗaya bayan ɗaya suna riƙe hannunsa, suna yaba masa haƙuri, suna cewa Allah ya ba su ɗa irinsa, shi kuma yana cewa amin.